Daga Hatimin Mai Unguwa Zuwa Sa Hannun Gwamna: Tarihin Cinikin Fili a Kano

Duk wanda ya taɓa halartar cinikin fili a bayan garin Kano ya san yadda abin yake gudana. Dillali na gaba yana nuna kusurwa da tsinin takalmi, mai saye na biye yana ƙirga taku a zuci, yaron mai unguwa na riƙe da bakin igiya. A yi tayi, mai fili ya ce albarka, a ƙara, ya sake cewa albarka, har a kai inda zai ce ya sallama. Sai a koma zaure, a samo takarda, wani mai kyan rubutu ya zana: ni wane ɗan wane na sayar wa wane filina, tsawo ƙafa kaza, faɗi ƙafa kaza, gabas ya yi iyaka da wane, yamma da hanya, kuma na karɓi kuɗina lakadan ba ajalan ba. Shaidu su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala babban yatsa, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya soke la'adarsa, a shafa fatiha a watse.

A idon dokar Nijeriya kuwa, ba a sayar da ƙasa a zauren nan ba. Ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, abin da ke canja hannu haƙƙin zama ne da amfani, kuma ko shi ɗin sai da yardar hukuma. Daga wannan rata da ke tsakanin zaure da doka ne tambayoyin da masu saye ke kai wa lauyoyi suke fitowa: wa ke da ikon sayarwa, wace takarda ce ta wadatar, me ya kawo gwamna cikin cinikin mutum biyu, kuma za a iya ƙwace abin da aka biya kuɗinsa? Kowace tambaya da zamanin da ya haife ta.

Kafin zuwan Turawa, hanyoyin samun gona sanannu ne. Akwai gado, akwai saran daji da izinin dagaci, akwai kyauta, aro, jingina, da riƙo, wato a bar wa wani amanar gona har mai ita ya dawo daga fatauci ko marayu su girma. Gandu na gida ne gaba ɗaya, gayauna ta mutum ɗaya ce. Iyaka kuwa shuka ce: layin gamba, shingen aguwa ko bini-da-zugu, ko wata tsohuwar ɗorawa da kowa ya san ta. Rajista tana cikin kawunan dattawa da maƙwabta. A fiƙihun Malikiyya da malaman jihadi suka bi, ƙasar da aka ci da yaƙi wakafi ce ta al'ummar Musulmi a ƙarƙashin kulawar shugaba, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. Wannan a littafi ke nan. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa kuma ake kai takin birni a kan jakuna shekara da shekaru, gona ta yi daraja ƙwarai, abin da ya yi daraja kuwa ba ya rasa mai taya shi. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, sannan a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta tarar saye da sayar da gonaki abu ne na yau da kullum a tsakanin manoma, kuma ba baƙon abu ba ne a wurin dattawan da ta zanta da su.

Kano ta faɗa hannun sojojin Lugga a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. A jawabinsa na Sakkwato, Lugga ya kafa hujja da cewa abin da Fulani suka samu ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingila ta hanyar yaƙi, har da ikon ƙasa. Amma wanda ya share fagen mayar da maganar doka shi ne magajinsa, Percy Girouard, injiniyan hanyar jirgin ƙasa ɗan Kanada. Shi da Charles Temple, wanda ya yi Razdan a Kano, sun sha ra'ayin wani marubuci Ba'amurke, Henry George, mai cewa darajar ƙasa jama'a ne ke samar da ita, don haka bai kamata wani mutum ɗaya ya kwashe ribarta ba. A 1908 aka zaunar da kwamiti a Landan kan ƙasar Arewa, a 1910 aka fitar da doka: duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba kowa, tana ƙarƙashin ikon gwamna, zai riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa, kuma babu wani haƙƙin zama da zai inganta ba da yardarsa ba. An sake zubin dokar a 1916.

Adalci ne a faɗi alherinta. Ita ta hana Turawa 'yan kama-wuri-zauna mallake gonakin Arewa kamar yadda suka yi a Kenya. Abin mamaki, Girouard ɗin nan da aka mayar da shi gwamna a can Kenya, rigimar tayar da Masai daga makiyayarsu don a ba Turawa ita ce ta ci kujerarsa a 1912. Sai dai dokar ta ginu ne a kan zaton cewa Bahaushe bai san sayar da ƙasa ba, alhali kuwa yana sayarwa, kuma ya ci gaba da sayarwa.

Takardar shaidar mallaka, wadda yau kowa ke kira C of O, a wannan zamani aka haife ta, kuma ba don talaka aka yi ta ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni irin su Niger Company da John Holt suka nemi fulotai kusa da tasha, Kwarori suka kafa kantuna a inda yanzu ake kira Kantin Kwari, aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Irin waɗannan baƙi ne ake auna wa fili, a kafa turakun siminti, a ba su takarda mai wa'adin shekaru da kuɗin hayar ƙasa na shekara-shekara. Manomin Kumbotso ko Ungogo shi abin da ya gani malaman taki ne, waɗanda ke zagaya gona suna ƙirga taku don a yanka mata haraji. Awon nan na haraji ne, ba na mallaka ba, amma da yake babu wata takardar, sai biyan harajin gona ya zama abin da mutum ke kafa hujja da shi in an ja da shi.

Shari'ar gida da gona a Kano ta fi zuwa gaban majalisar sarki, kuma bayanan shari'un majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga, suna cike da irin rigingimun da har gobe ake yi: wanda ya yi doguwar tafiya ya dawo ya tarar da wani a gonarsa, aron da ya daɗe har mai aro ya fara jin nasa ne, magajin da ya ce ba a ba shi rabonsa ba. Ikon sarki a kan wannan fage ba ƙarami ba ne. A 1923 Sarki Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki a masarautar, bisa hujjar cewa macen da ta mallaki gidan kanta ba za ta zauna gidan miji ba. Shekara 31 hanin nan yana aiki, har Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi a 1954, ya mayar wa mata abin da shari'a ta ba su. Masanin tarihi Steven Pierce ya bi diddigin lamarin. Abin lura ga mai saye shi ne, gidan da aka raba a tsakanin shekarun nan an raba shi ne ba da mata ba, kuma 'ya'yan matan da jikokinsu ba su manta ba.

Wannan ya kawo tambaya ta farko, wadda ta fi kowace cinye kuɗin mutane: wa ke da ikon sayarwa? Mafi yawan tsoffin gidaje da gonakin Kano na gado ne. Babban wa yakan tsaya a matsayin uba, shi ke riƙe da makulli, shi maƙwabta suka sani, amma wannan bai mayar da shi mai gida shi kaɗai ba. Idan ba a yi rabon gado ba, kowane magaji na da rabo a kowane taku na filin, har da matar mamaci mai tumunin takaba, har da 'yar da aka aurar Zariya shekara talatin da suka wuce. Shi ya sa mai saye mai hankali ke neman takardar rabon gado daga kotu, ko kuma sa hannun magada baki ɗaya. Akwai kuma shufu'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a kadarar da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da ikon ya biya kuɗin da aka biya ya karɓe. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, ko da yake ladabin gari ya sa akan fara yi wa maƙwabci tayi, kuma haƙƙin yana faɗuwa idan mai shi yana nan, ya sani, ya yi shiru har shekara ta zagayo.

Ɗan'uwan shufu'a shi ne hauzi. Wanda ya riƙe fili shekara 10 yana gini yana rushewa, mai da'awa yana gari yana kallo bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron da'awarsa bayan nan. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa, yakan kai shekara 40, don an san kunya da kara na hana ɗan'uwa magana. Amma hauzi ba ya cin aro, ba ya cin jingina, ba ya cin riƙo. Gonar da kaka ya jinginar a shekarar yunwa tana nan a matsayin jingina ko an shekara hamsin, ranar da jika ya zo da kuɗi da shaidu sai a ba shi. Alƙalai na samo waɗannan hukunce-hukunce daga Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da aka rubuta ɗaruruwan shekaru kafin a san safiyo, kuma ga su suna yanke hukunci a kan filayen da ake tallatawa a WhatsApp.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta yi Dokar Ƙasa ta 1962. Ginshiƙin bai canja ba, sai dai ikon ya koma hannun minista, kuma aka fayyace cewa ɗan ƙasa shi ne wanda mahaifinsa ya fito daga wata ƙabilar Arewa, wanda ke nufin Bayaraben Kudu ko Inyamuri a Kano baƙo ne a wajen mallakar fili, sai da izini. A ƙarshen shekarun 1960 sojoji suka rushe kotunan sarakuna, suka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e.

Sai 1978. Kuɗin man fetur sun sa filaye sun yi tashin gwauron zabo, musamman a Legas, inda gwamnati kanta ke shan wahalar samun wurin aiki. Gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa kwamiti a 1977 ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe. Mafi rinjayen 'yan kwamitin ba su goyi bayan a mayar da ƙasa hannun gwamnati ba, amma sojoji suka ɗauki ra'ayin marasa rinjaye, suka fitar da Dokar Amfani da Ƙasa ranar 29 ga Maris, 1978. Ga mutumin Kudu wannan girgizar ƙasa ce. Ga mutumin Arewa tsohuwar riga ce aka sake wa rini: hatta iyakar da aka sa wa ƙaramar hukuma, hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, kusan daidai take da eka 1,200 da eka 12,500 na tsohuwar dokar Arewa. Dokar ta raba ƙasa biyu. Ta cikin birni, wadda gwamna ne ke ayyana iyakarta, shi ke ba da haƙƙin zama a kanta, galibi na shekara 99. Ta karkara kuma ƙaramar hukuma. Rabon ya bi har kotu: rigimar filin da ke da takardar gwamna Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da hurumin jin ta, abin da masu ƙara da dama ba sa ganewa sai sun ɓata shekaru a inda bai dace ba.

Sashe na 22 shi ne ya sa gwamna cikin ciniki. Ya ce mai riƙe da haƙƙin zama ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, ba zai ba da doguwar haya ba, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba haka ba ɓatacce ne. An ɗauki abin da wasa har shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta kai Kotun Ƙoli a 1989. Wani mai gida a Legas ya jinginar da gidansa, wanda ya mallaka tun kafin dokar, don bashin da kamfani ya ci. Da aka kasa biya, banki ya tashi sayar da gidan, sai mai gidan ya ce ai ba a nemi yardar gwamna ba lokacin jinginar. Kotu ta ce da gaskiyarsa, jinginar ba ta inganta ba. Bankuna suka shiga taitayinsu. Daga baya kotuna sun sassauta: sun yarda a ƙulla yarjejeniya kafin a samu amincewar, ta zauna a rataye har a samu, kuma sun daina sakin fuska ga wanda ya ci kuɗi sannan ya dawo yana fakewa da laifin da shi ya kamata ya kauce masa. Amma sharaɗin yana nan daram.

Neman amincewar kuwa kuɗi ne da lokaci: kuɗin amincewa, harajin hatimi, kuɗin rajista, bashin hayar ƙasa da ya taru, ga fayil da kan yi watanni a kan tebur ɗaya. Sai mutane suka samo hanyar zagaye. Maimakon takardar sayarwa, mai sayarwa ya ba mai saye takardar wakilci wadda ba a warwarewa, a ci gaba da tafiya da sunan mai filin na farko. A Abuja akwai filayen da suka ratsa hannu huɗu ko biyar a haka. Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1993, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka, izini ne kawai na yin abu a madadin wani. Mai riƙe da ita kaɗai, a rajistar gwamnati, har yanzu ɗan aike ne.

To ita C of O ɗin fa, in an same ta an huta? Nan ma da saura. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, Kotun Ƙoli ta ce takardar hujja ce ta farko kawai, tana faɗuwa idan wani ya tabbatar yana da haƙƙi a kan filin tun kafin a bayar da ita. Tun 1976 ma, a shari'ar Idundun da Okumagba, kotun ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, kuma takarda ɗaya ce kawai a cikinsu. Tarihin gargajiya da doguwar riƙewa suna cikin sauran. Ma'ana dattijon da ya san inda shingen aguwa ya bi a zamanin Sarki Alhaji yana iya kayar da takarda mai jan hatimi. Shi ya sa lauyan da ya san aikinsa ba ya tsayawa a binciken fayil a ma'aikatar ƙasa, inda zai ga sunan wa ke kai da ko an jinginar wa banki. Yakan tura mai saye ya je da ƙafarsa ya gaida maƙwabta, ya tambayi mai unguwa, ya kawo safiyo ya duba ko turakun da ke ƙasa su ne ke cikin taswira, don an sha nuna wa mutum fili ɗaya a ba shi takardar wani.

Mafi yawan Kanawa dai ba su taɓa shiga wannan layi ba. Birnin ya bazu ne ta awon igiya: mai gona ya ga gari ya iso shi, ya kira dillalai da mai unguwa, a yanka gonar fuloti-fuloti, a bar 'yar siririyar hanya da mota ɗaya ke bi da ƙyar, ba filin makaranta, ba magudanar ruwa. Unguwanni manya-manya haka suka tashi, kuma miliyoyin mutane na kwana a gidajen da hujjarsu ita ce takardar zaure. Awon igiya ya fi awon gwamnati araha da sauri, shi ya ba ɗan ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwar tebur muhalli lokacin da fulotan gwamnati ke tafiya wurin masu uwa a gindin murhu. Haɗarinsa kuma sananne ne: fili ɗaya a sayar wa mutum uku, ko a wayi gari a ga jan fenti na hukumar tsara birni a jikin katanga, a ce ginin ya hau hanya, ko burtali, ko hurumin maƙabarta.

Tambayar ƙwacewa tana da amsa a sashe na 28: gwamna na iya soke haƙƙin zama don amfanin jama'a, ko don mai riƙe ya karya sharaɗi, misali ya ƙi biyan hayar ƙasa ko ya ƙi ginawa cikin wa'adi. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da aka ɗora a kan ƙasar ce, gini da shuka da amfanin gona, ban da ƙasar kanta, tunda a doka ba ta mutum ba ce tun farko. Manomi bai taɓa karɓar wannan lissafi a zuciyarsa ba. Rigimar diyya da rabon gonaki a madatsar ruwan Bakolori, kusa da Talatar Mafara, ita ta kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980, aka rasa rayuka da dama. A cikin birni kuma sauyin gwamnati kan zama nasa haɗarin. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine a filin Idi da harabar tsohon otal ɗin Daula, tana cewa wadda ta gabace ta ta cefanar da filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba, masu shagunan kuma suna cewa da takardun hukuma suka gina. Babbar Kotun Tarayya a Kano ta yanke wa 'yan kasuwar filin Idi diyyar naira biliyan 30 a watan Satumban shekarar.

An yi ƙoƙarin gyara. Abuja ta kafa hukumar AGIS a 2003 don mayar da fayilolin filaye cikin kwamfuta, ta kuma sa kowa ya kawo tsohuwar takardarsa a sabunta, aikin da ya tona jabu masu yawa. Jihohi suka bi sahu, Kaduna da KADGIS, Kano da KANGIS. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, kuma ƙiyasin da aka riƙa ambata a lokacin shi ne abin da ke da rajista a duk faɗin ƙasar Nijeriya bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Ya kuma aika wa majalisa ƙudurin da zai rage wuraren da ake buƙatar amincewar gwamna, musamman jingina, amma ya rasu a 2010 ƙudurin bai zama doka ba. Sojoji sun riga sun ɗaure dokar 1978 a jikin tsarin mulki kafin su miƙa mulki a 1979, tsarin mulkin 1999 ya maimaita ɗaurin a sashe na 315. Taɓa ta sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, majalisun da ba kasafai suke saɓa wa gwamnoninsu ba, gwamnonin da alƙalamin rabon filaye da kuɗin amincewa ke hannunsu.